Tsatsa a Ƙarƙashin Laya

Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, Tanimun yakan wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa da toka, kafin ya ɗauko bindigar. Shi mai lambun albasa ne, kuma ruwan albasa da gumi ba sa barin ƙarfe lafiya. Sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ya jera kayansa: kwalbar man keken ɗinki, guntun kakin zuma, man kaɗanya a gwangwanin tumatir, gashin kaza, da fararen tsummoki da ya yaga daga tsohon rawanin ubansa.

Bindigar farauta ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Ubansa, wanda ya yi zamaninsa yana farauta a kwarin Badaguishiri, ya same ta a hannun wani tsohon soja tun ba a yi wa Tanimun kaciya ba. Da tsohon ya ji ajali ya matso, bai ba ƙaramin ɗansa Chindo ita ba, ko da yake Chindo ne mai hannun harbi, shi ne kuma ya bi shi daji. Tanimun ya ba, domin shi ne mai haƙuri. Ya zaunar da shi ya koya masa abin da ƙarfe ke so. Ba a goge baƙin bututu da yashi kamar gindin tukunya, domin baƙin nan shi ke rufe ƙarfen, in ya tafi tsatsa ta samu hanya. Mai kaɗan ake sawa, a bi da tsumma har yatsa ya daina jin danshi. Man gyaɗa yana yin danƙo ya kama ƙura, man shanu yana kiran kiyashi. Icen gindi man kaɗanya yake so, a murza da tafin hannu har ya yi ɗumi, a rufe da kaki. Jini kuwa, ko ɗigo ne, ba a barinsa ya kwana.

Wuri ɗaya ne tsumma ba ya kaiwa. Daidai inda hannun hagu ke riƙewa, an naɗe bututun da icen da ke ƙarƙashinsa da jar fata, an ɗinke ta tam, kuma a cikinta akwai laya. Wani malami a Dogarawa ya rubuta, wani baduku ya ɗinka, uban ya yi ta riƙewa har gurbin yatsunsa ya fito a jikin fatar. Maharban kwarin duka haka suke yi, kuma duka sun san ƙa'idar: wanda bai sa aka ɗinka ba, ba ya kwancewa. Hannun da ya yanke zaren layar maharbi ba ya ƙara moruwa. Uban ya faɗa wa ƴaƴansa haka a gaban uwarsu Delu, kuma ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Tanimun ya kula da fatar kamar yadda ya kula da sauran. Don kada ta bushe ta tsage, yakan yayyafa mata ruwa kaɗan, ya bar shi ya shiga, ya shafe da man kaɗanya. Da bazara har yakan ƙara yawan ruwan.

Tun rasuwar tsohon, bindigar ba ta sake tashi ba. Barewa ta ƙare a kwarin, harsashi ya yi tsada, Chindo ya tafi Konni ya kama kabu-kabu da babur. Ta zama abin kallo. Baƙo in ya sauka gidan mai gari, akan kawo shi ya ga bindigar marigayi, yadda baƙinta ke ɗaukar ido, yadda icen ya yi duhu ya yi sumul. Tanimun ba shi da shanu, ba shi da karatu, lambunsa ma ƙarami ne. In an ambaci sunansa a kasuwar Badaguishiri, cewa ake yi mai bindigar nan.

Daminar 2005 ta tarar da rumbuna wofi. Fara ta cinye abin da fari ya rage a shekarar da ta wuce, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Tawa tun kafin ruwan farko, har makiyaya suka daina janye mushe daga bakin hanya. Waɗanda suka tafi ci-rani suka bar karnukansu ba mai ba su. Karnukan suka koma ga mushe, suka yi ƙiba a shekarar da kowa ke ramewa, suka haɗa garke a kwazazzabon da ke gabas da lambuna. Wani jan kare mai yankakken kunne ke jan gaba. Da mushe ya ƙare sai suka juyo kan awaki. An sa guba a gawar jaki, ungulaye ta kashe. An aika gari neman masu bindiga, aka ce a jira. Sauran bindigogin ƙauyen kuwa adaka ne na maƙera, kuma an daɗe da tsallaka iyaka da su an musanya da hatsi.

A cikin wannan damina ne, wata Juma'a, Tanimun ya bi gefen fatar da gashin kaza ya danna tsumma, tsumman ya fito ja. Ya ɗauka rinin fatar ne ya saki. Ya shinshina, ya ji warin ƙarfe. Ya murza jan tsakanin yatsu biyu, ya ji shi garas-garas. Ya danna fatar da babban yatsa ta gefen hagu, ya ji ta ɗan kumbura, wani abu yana rugurgujewa a ƙarƙashi. Ya karya bindigar ya ɗaga bututun ga rana ya leƙa. Ciki fes yake. Amma ya san tsatsa daga waje take ci, ba ta nuna kanta a ciki sai ta riga ta huda. Ya tuna ruwan da ya yi shekaru yana yayyafawa, ya tuna cewa da bagaruwa ake jeme fata, kuma ya sha ganin yadda ruwan bagaruwa ke cin wuƙar majema. Ya ninke tsumman ya sa a aljihu, ya mayar da bindigar cikin jakarta.

Bayan ƴan kwanaki karnukan suka kayar da mutum. Kulu ce, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen ƙauye, ta fita tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci a shekarar yunwa, a bakin kwazazzabo. Matan da ke kusa suka ji ihunta suka kore su da duwatsu, amma sun riga sun yage mata ƙwauri da damtse. Aka ɗauko ta a amalanke. Da la'asar mai gari Munkaila, wanda sa'an uban Tanimun ne, ya zo ƙofar gida da dattawa a bayansa.

Tanimun ya san abin da ya kawo su. Bayan gaisuwa ya ce bindigar ta tsufa, ta daɗe ba ta yi aiki ba, shi kam bai amince da ita ba. Mai gari ya ce a kawo ya gani. Da aka zare ta daga jaka, hasken yamma ya bi bututun tun daga baki har kunamar da ake ja a harba, dattawan suka yi murmushi.

"Wannan ce tsohuwa?" in ji Munkaila. "Ɗana, ko jandarma ba su riƙe da irinta."

Tanimun ya ciro tsumman daga aljihu ya nuna, ya ce daga ƙarƙashin fatar jan ke fitowa. Mai gari bai karɓi tsumman ba. Ya dube shi kamar ya yi wa mamaci ƙarya, ya ce in akwai wurin da ɓarna ba ta shiga a jikin bindigar nan, to wurin layar ne. Ya ce shi da kansa ya raka marigayi Dogarawa ranar da aka ɗinka ta. Wani daga baya ya ce a hankali, amma yadda za a ji, wataƙila dai ba a son hayaƙi ya ɓata mata jiki. Ba wanda ya tsawata masa. Aka tashi a kan za a aika wa Chindo ya zo da harsashi.

Chindo ya iso washegari kafin azahar, babur ɗinsa caɓe-caɓe da laka, buhun masara rabi ɗaure a baya. A wannan shekarar da hannuwan Chindo gida biyu ke ci: nasa a Konni, da wannan na uwarsa da wansa. Tanimun ya tsaya yana kallon yadda yatsun hagun ƙanensa ke sakin kulocin babur, ya kawar da kai. Da Chindo ya gaida uwarsu ya sha ruwa, wansa ya ja shi bayan rumbu ya nuna masa tsumman, ya kama yatsansa ya danna masa a wurin da ya kumbura. Ya ce in ƙarfen ya cinye, nan zai fashe, kuma nan hannu yake.

Chindo ya yi dariya. Da yatsu shida aka haife shi a hannun hagu, abin da ya sa aka sa masa sunan ke nan, ungozoma ta ɗaure na shidan da zare ya faɗi tun yana jariri.

"Yaya, ni da na zo duniya da na ƙari? Hannun nan ya saba da rashi."

Tanimun bai yi dariya ba. Ya ce hanya ɗaya ce ta sani, a yanke fatar a duba. Nan take dariyar Chindo ta ɗauke. Ya ce shi kam ba zai taɓa zaren nan ba, kuma ba zai tsaya a wurin da ake taɓa shi ba. Ya ce yana bin hanyar iyaka kullum, ya ga abin da ke samun mutanen da suka raina irin waɗannan abubuwa. In wansa yana tsoro, a gwada ta daga nesa, kamar yadda Baba ke gwada adaka sabuwa. Suka ajiye magana a kan gobe da safe.

Da yamma Chindo ya fita gaida abokai. Tanimun ya shimfiɗa tabarma ko da yake ba Juma'a ba ce, ya ɗora bindigar a cinya, ya ciro aska daga kube. Zaren ɗinkin ya yi baƙi da mai, yana jere a ƙasan icen. Ya sa bakin askar a kan na farko. Ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi tun daga kafaɗa. Ya yi tunanin abin da zai gani in fatar ta buɗe. Ya yi tunanin dattawan nan su dawo su tarar da bindigar marigayi tsirara, ƙarfenta a cinye, layarta a ƙasa, su tambayi abin da yake yi duk Juma'ar nan.

Delu tana ƙofar ɗakinta tana canza wa anza ruwa don ɗacinta ya fita. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma cika duban fuskarsa ba. Ga ƙwaryar da ke gabanta ta yi magana.

"Ubanku ya ce ba a kwance ta. Ni ban iya ciyar da mai hannu ɗaya a shekara irin wannan."

Tanimun ya ce yana tsoron hannun Chindo ne. Ta ce Chindo yana da layar ubansa a tafinsa, me ya fi wannan. Ta tsiyaye ruwan ta shiga ɗaki. Ya daɗe askar tana kan zaren. Da ya ɗaga ta, ta bar ɗan farin tabo a zare ɗaya, bai tsinke ba. Ya shafe tabon da kaki.

Da safe suka tafi bayan lambuna su biyu. Tanimun ya naɗe bindigar da tsohon buhu don kada igiya ta goge mata jiki, suka ɗaure ta a gindin wata aduwa, suka ɗaura dogon zare a kunama suka laɓe bayan tudu. Chindo ya ja. Ƙarar ta cika kwarin, tsuntsaye suka tashi daga gawo, hayaƙi ya yi ta yawo a ƙarƙashin aduwar. Bindigar tana nan yadda aka ɗaure ta. Chindo ya bugi cinya, ya ce ga amsa, Baba bai bar musu ruɓaɓɓen abu ba.

Tanimun ya kwance ta ya ciro farin tsumma, domin ba ya barin hayaƙi ya huce a jikin ƙarfe. Ya goge baki, ya goge wajen kunama. Da ya zo kan fatar ya ga wani siririn baƙi ya bi ramukan ɗinki ta gefen hagu, wurin da ya kumbura. Ya sa hanci, fatar tana warin albarushi, kuma ta fi sauran jikin bindigar ɗumi. Ya ɗaga bututun ga rana. Can tsakiya akwai ɗigo ɗaya mai duhu da bai taɓa gani ba.

Ya nuna wa ƙanensa. Chindo ya leƙa sama-sama ya ce hayaƙi ba inda ba ya shiga, kowace bindiga in ta yi aiki sai ta yi datti. Ya ce wansa bai san haka ba ne domin bai taɓa barinta ta yi aiki ba, ya mayar da ita amaryar da ba ta daka. Ya karɓi bindigar ya kai kafaɗa ya auna wani reshe, yatsunsa na hagu suka zauna cikin gurbin yatsun ubansu kamar don su aka yi. Tanimun ya karɓe ta ya mayar jaka.

Kulu ta rasu a ranar, tsakanin azahar da la'asar. Jikinta ba shi da abin da zai yaƙi ciwon. Aka binne ta kafin magariba, aka sare ƙayar aduwa aka rufe kabarin da ita kamar yadda aka saba. Da gari ya waye masu zuwa gona suka tarar an janye ƙayar gefe, an tona ƙasar har kusa da itacen kabari. Akwai sawun karnuka ko'ina. Aka mayar da ƙasa, aka ɗora duwatsu, kuma daga maƙabarta ba wanda ya koma gida. Maza suka ɗauko sanduna da gatura suka taru a ƙofar mai gari.

Shirin mai sauƙi ne. In rana ta take, karnukan kan kwanta a inuwar gaɓar kwazazzabo. Masu sanduna za su shiga ta arewa su koro su, mai bindiga ya jira a inda kwazazzabon ya ƙuntata. Jan karen ake so, in ya faɗi sauran za su watse. Tanimun ya zo da bindigar a jakarta. Chindo ya naɗe hannun riga ya miƙo hannu.

Tanimun bai miƙa ba. Ya dubi taron, ya ga ba fuskar da za ta saurari maganar tsatsa a wannan safiya. Ya dubi hannun da aka miƙo masa, mai ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsa, baƙin man inji a ƙarƙashin farata.

"Ni ne babba," ya ce. "Ni aka ba ita. Harbin farko nawa ne."

Chindo ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, ya tambayi wansa a gaban jama'a yaushe rabonsa da harbin ko da kurciya, ya ce an ɗauko shi daga Konni ya bar aikinsa don ya zo ya riƙe wa mai lambu jaka. Wasu suka goyi bayansa. Mai gari ya dubi Tanimun, wataƙila yana tuna maganar da aka yi a ƙofar gidansa ta cewa ba ya son hayaƙi ya ɓata bindigarsa, sa'an nan ya ce babba ya nemi haƙƙinsa, ba a hana shi. In ya kuskure, Chindo ya karɓa. Chindo ya jefa masa harsasan a ƙasa ya ɗauki sanda ya bi masu kora.

Tanimun ya yi nasa shiri. A hanya ya sari reshe mai gwafa, ya fere ƙarshensa. A maƙurar kwazazzabon ya kafa shi a yashi, ya naɗa tsumma a gwafar don kada ta karce baƙin bututu, ya ɗora bakin bindigar a kai yana fuskantar hanyar ruwa. Ya durƙusa, gindin bindiga a kafaɗa, hannun dama a kunama, hannun hagu ya kai shi baya ya riƙe gwiwar hannun damansa. In ta fashe, ta fashe a iska. Ya ga dabarar ta yi. Rana tana dukan ƙeyarsa, ya lura gumi na ɗiga daga haɓarsa kan icen, ya sunkuya ya goge da kafaɗar riga.

Daga arewa ihu ya taso, da bugun sanduna a gaɓa. Karnuka uku ko huɗu suka fito ta hanyar ruwa suka wuce ta gabansa, ramammu a cikinsu, bai harba ba. Jan karen bai biyo yashi ba. Ya hau gaɓa ya biyo ta sama, ta hannun dama, inda gwafar ba ta juyawa, kuma ba gudu yake yi ba, sassarfa yake yi yana waiwaye. Bayan gaɓar nan gonaki ne, mata suna ciki suna noma. Tanimun ya miƙe, ya ɗaga bindigar daga gwafa ya juya da ita. Bututun dogo ne mai nauyi, bakinsa ya yi ƙasa, hannun hagu ya tafi ya tallafe shi a wurin da ake tallafewa. Ya ji laushin fatar a tafinsa, ya san inda hannunsa yake. Karen ya tsaya a bakin gaɓa ya dube shi. Ya ja kunama.

Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar ba irin ta jiya ba ce, gajera ce, kamar an fasa tulu. Shi bai ji ta ba. Ya ga kansa zaune a yashi, bindigar a gefe, bututun ya buɗe ta hagu kamar kwasfar wake, fatar ta yage tana hayaƙi. Ya nemi ya dafa ƙasa ya tashi, ya ga ba abin dafawa. Chindo ne ya fara isowa. Ya yage rigarsa ya ɗaure damtsen, ya sa aka ɗora masa wansa a babur, wani ya hau baya ya riƙe shi, suka kama hanyar asibitin Galmi.

Wani abu daga harbin ya samu karen a ƙugu. Ya ja jiki zuwa cikin gero, masu sanduna suka ƙarasa shi. Sauran garken suka watse kamar yadda aka zata, aka yi ta kashe su ɗaya-ɗaya a makonnin da suka biyo.

A asibiti aka bar masa babban yatsa da rabin tafi. Ya dawo ƙauye gero ya fara fitar da kai. Mutane suka yi ta zuwa sannu, suna cewa ya yi aikin maza, mai gari ma ya zo ya zauna ya yi addu'a. Daga inda yake kwance a zaure yana jin uwarsa a tsakar gida tana amsa wa mata gaisuwa. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuka. Kowace ta tambayi yadda abin ya faru, amsa ɗaya take ba ta: ita da idonta ta gan shi da aska a kan zaren, ta yi magana, ashe ya riga ya taɓa. Matan sukan yi salati su ce ai marigayi ya faɗa. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kasuwar Badaguishiri. Tanimun bai musa wa kowa ba.

Chindo ya zo wata Juma'a da masara. Bayan an sauko daga masallaci wansa ya tambaye shi inda bindigar take. Chindo ya ce ya tattara ta a buhu ya jefa bayan rumbu, yana jiran ya samu maƙerin da zai karɓi ƙarfen. Tanimun ya ce a kawo.

Aka zazzage buhun a kan tabarma. Fatar ta rage ƴar tsumma a jikin icen. Layar ta zama dunƙulen baƙi, ba a rarrabe takarda da tsatsa. Inda fatar ta rufe shekara da shekaru, ƙarfen ya zama kamar icen da gara ta ci, ramuka a kan ramuka, gefen fashewar bai fi kaurin ganye ba. Chindo ya ɗauka ya duba, ya bi ramukan da farce, ya dubi hannunsa na hagu, ya dubi wansa. Can ya tambaya a hankali ko ya sani tun a gindin aduwa. Tanimun ya ce ai ya nuna masa.

Tanimun ba wurin fashewar yake kallo ba. Daga nan zuwa baki, inda baƙin bututun ya kasance ba tabo tun zamanin ubansu, jininsa ya fantsama ranar, ba wanda ya goge, ya yi makonni a buhu cikin danshin damina. Kowane ɗigo ya zama jan tabo mai kumburi, wasu sun haɗe sun yi layi.

Ya ce wa ƙanensa ya miƙo masa kwalbar man da ke saman katanga, da tsumma. Chindo ya ce bindigar ta mutu, Yaya, me za a goge. Tanimun ya sake miƙa hannu, aka ba shi. Ya sa aka zuba masa ruwa ya wanke hannun dama, da sabulu, sa'an nan da toka. Ya matse bututun tsakanin gwiwoyinsa, ya cire murfin kwalbar da haƙori, ya ɗiga mai a kan tabon da ya fi kusa da baki, ya fara murzawa a hankali don kada baƙin da ya rage ya tashi.